Raƙumi, Jijiya Da Maganar Haihuwa

Ran Asabar ta makon jiya na sauka Jos domin sunan ɗan ƙanena a unguwar Rikkos. Bayan an raɗa suna, an raba goro da dabino, muna zaune bisa tabarmi a ƙofar gida kowa ya ƙudundune saboda sanyin safiya, sai ga wata tsohuwar mota da lasifika bisa kanta tana tafe a hankali. Mai motar yana shelar magani. A faɗarsa, garin da ke cikin kwalbarsa yana maganin basir da shawara da sanyi, kuma yana kwance jijiyar da ke ɗaure mahaifar mace ta hana ta haihuwa. Maza suka yi dariya suka ci gaba da hira. Amma na lura da yara biyu sun fito daga cikin gidaje da kuɗi a dunƙule cikin hannu, sun bi motar da gudu, watau dai an aiko su daga ciki.

Da rana ta yi, gwaggona ta aika a kira ni ɗakinta. Na tarar da wata baiwar Allah zaune a gefen gado ta sunkuyar da kai. Matar wani ɗan uwanmu ce, shekararta takwas da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Al'adarta takan yi wata uku ko huɗu ba ta zo ba, jikinta yana ta ƙara nauyi, ga gashi ya fara tsirowa a haɓarta har tana ɓoye shi da mayafi. Ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta na zinariya, duk kuɗin sun tafi wurin masu magani. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne, na baya-bayan nan kuwa ya ce jijiya ce. Dangin miji sun fara kiranta juya a bayan idonta, waɗansu har suna zuga shi ya sallame ta.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ku da kuke yawo da alƙalami kuna shiga wurin likitoci, gaya mini tsakaninka da Allah, jijiya tana hana haihuwa?" Na ce, "Gwaggo, ki yi mini haƙurin mako guda, tambaya ce babba." To, mako ya cika, ga abin da na samo. Na kawo shi wannan fili ne domin na san ba gidanmu kaɗai ake wannan tambaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin shekarar 2023 cewa kimanin mutum ɗaya cikin kowane shida na baligai yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa.

Amsar a taƙaice ita ce, mai motar nan bai san abin da yake faɗi ba, kuma babu wata jijiya da ke ɗaure mahaifa kamar yadda ake ɗaure bakin buhu. Amma harshensa ya faɗa kusa da wani abu na gaskiya wanda masana suka daɗe suna bincike a kansa.

MATAR DA TA GANO SINADARIN

Da farko sai mu rarrabe, domin a Hausa kalmar jijiya ɗaya ce amma aikinta uku. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi irin ta agara, sa'an nan akwai jijiyar saƙo, wadda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka ta bazu cikin jiki kamar wayar tangaraho. Ita ce ke sa mutum ya ji zafin wuta ya janye hannu. A kan wannan ta ukun muke magana.

Wata likita ce 'yar ƙasar Italiya, Rita Levi-Montalcini, ta fara gano abin da ke sa irin wannan jijiya ta tsiro ta rayu. An haife ta a birnin Turin cikin 1909, ta gama karatun likita cikin 1936. Cikin 1938 gwamnatin Musolini ta kafa dokar da ta hana Yahudawa aiki a jami'o'i, ita kuwa Bayahudiya ce. Maimakon ta naɗe hannu, sai ta mai da ɗakin kwananta ɗakin bincike, ta wasa allurar ɗinki ta zama wuƙar fiɗa, tana fasa ƙwan kaza tana duba yadda jijiya ke tsirowa a jikin ɗan tsako tun bai ƙyanƙyashe ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1947, ta koma Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka. A can ta lura cewa idan an dasa wani irin ƙari na ɓera a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, sai jijiyoyi su yi ta tsirowa fiye da ƙima, har a wuraren da ƙarin bai taɓa ba. Ta ce lalle akwai wani sinadari da ƙarin ke zubarwa cikin jini. Cikin 1952 ta ɗauki ɓeraye biyu masu wannan ƙari ta tafi da su birnin Riyo na ƙasar Barazil, inda ta ajiye ɗan guntun ƙarin kusa da ƙullin jijiya cikin faranti. Kafin kwana guda jijiyoyi sun fito sun kewaye ƙullin kamar hasken da ke kewaye rana.

Abokin aikinta Stanley Cohen shi ne ya tace sinadarin. Wani abin mamaki, ya same shi da yawa cikin dafin maciji, daga baya kuma ya same shi fiye da haka cikin mabuɓɓugar yawun namijin ɓera. Suka sa masa sunan da ma'anarsa ita ce sinadarin renon jijiya, Turawa kuma suna taƙaita shi da haruffa uku, NGF. Su biyun suka sami lambar Nobel cikin 1986 saboda wannan aiki. Ita Rita ta rasu cikin 2012 tana da shekara 103. Ba ta haifi ɗa ko ɗaya ba, amma ta kafa gidauniya wadda ta ɗauki nauyin karatun 'yan mata masu yawa a ƙasashen Afirka. Wannan ma abin tunani ne ga masu auna darajar mace da yawan goyonta kaɗai.

ABIN DA MAI RAƘUMI YA SANI

Shekaru da yawa ana zaton aikin wannan sinadari ya tsaya ga jijiya. Wanda ya ƙara buɗe idon masana shi ne raƙumi.

Kashegarin suna na leƙa 'Yan Shanu, na zauna da wani dattijo wanda ya yi fataucin raƙuma tsakanin Damagaram da Maigatari a zamanin ƙuruciyarsa. Na ce, "Baba, mene ne bambancin saniya da taguwa wajen ɗaukar ciki?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, saniya tana da kwanakinta, in sun zo za ka gani, in sun wuce sai ka jira waɗansu. Taguwa kuwa sai amale ya hau ta tukuna cikinta yake shiryawa. In ta ɗauka, bayan kamar mako biyu, da namiji ya matso sai ta ɗaga wutsiya ta lanƙwasa, mu kuwa mun gane." Wannan dattijo bai taɓa shiga aji ba, amma abin da ya faɗa shi ne abin da ke cikin littattafan likitocin dabbobi. Saniya tana sakin ƙwai duk bayan kimanin kwana 21, ko an yi barbara ko ba a yi ba. Taguwa ba ta sakin ƙwai sai bayan barbara, da kwana ɗaya zuwa biyu. Haka kyanwa da zomo suke.

Da can an ɗauka motsin barbarar ne ke sa ƙwan ya faɗo. Cikin 1985 waɗansu masana na ƙasar Sin, masu bincike kan raƙumi mai tozo biyu, suka ba da labari cewa ruwan maniyyin ne ke wannan aiki. Ba a kula da maganarsu sosai ba sai bayan shekara ashirin. Cikin 2005 Farfesa Gregg Adams na Jami'ar Saskatchewan a ƙasar Kanada, tare da abokan aikinsa, suka gwada a kan lama da alfaka, watau dangin raƙumi marasa tozo da ake kiwo a duwatsun Kudancin Amurka. Suka tace ruwan maniyyi suka fitar da 'ya'yan cikinsa duka, suka yi wa matan allurarsa a tsoka, ba tare da namiji ya kusance su ba. Sai ga mafi yawansu sun saki ƙwai.

Cikin 2012 suka gano ko mene ne ke cikin ruwan. Ashe sinadarin nan ne na renon jijiya, wanda Rita ta gano shekara sittin kafin nan. Yana ratsa bangon mahaifar dabbar ya shiga jini, saƙo ya kai ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinta ya saki sinadarin da ke fasa jakar ƙwai. Daga baya an tabbatar da shi cikin raƙumi mai tozo ɗaya irin namu, an kuma same shi cikin maniyyin bijimi da na ɗan Adam, ko da yake bai kai yawan na raƙumi ba.

CIKIN GIDAN ƘWAI

Amma fa mace ba taguwa ba ce. 'Ya mace tana sakin ƙwai da kanta, kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada ta gaba. To, ina wannan sinadari ya shigo cikin al'amarinta?

Kowace mace tana da gidan ƙwai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu da mahaifa, kowane bai wuce girman ɗan dabino babba ba. Tun tana cikin uwarta aka gama ƙirga mata ƙwayayenta. Tana wata biyar a ciki suna kai miliyan 6 zuwa 7, ranar da aka haife ta sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, lokacin balaga kuwa saura kamar 300,000. Cikin waɗannan duka, waɗanda za su nuna su faɗo a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Kowane ƙwai yana kwance cikin wata 'yar jaka tasa, yana barci, har ranar da za a tashe shi.

Tun daga wajen 1990 waɗansu masana, musamman Sergio Ojeda da Gregory Dissen na jihar Oregon a Amurka, da Hernan Lara na Jami'ar Chile, suka nuna cewa gidan ƙwai da kansa yana yin sinadarin renon jijiya, kuma yana amfani da shi ta hanyoyi da dama.

Na ɗaya, yana taimakon jakunkunan ƙwai su farka su fara girma. Cikin 2001 aka duba 'ya'yan ɓerayen da aka hana jikinsu yin wannan sinadari, aka tarar jakunkunan da suka fara girma a gidan ƙwansu kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na sauran ɓeraye.

Na biyu, yana buɗe wa jakar kunne. Ƙwaƙwalwa tana aiko da saƙo cikin jini cewa jaka ta girma, amma jaka ba ta jin saƙon sai tana da wurin karɓarsa. Binciken da aka buga cikin 2002 ya nuna sinadarin nan yana sa ƙananan jakunkuna su yi wannan wurin karɓa. Watau kamar rediyo ne, ko tashar Kaduna tana ta watsa labari, in ba a kafa masa eriya ba sai shiru.

Na uku, sa'o'i kaɗan kafin jaka ta fashe ƙwai ya fito, sinadarin da wurin karɓarsa suna ƙaruwa ƙwarai a bangon jakar, kuma da aka toshe aikinsa a jikin ɓeraye sai sakin ƙwai ya ragu. Na huɗu, shi ne ke jawo jijiyoyin saƙo su shiga gidan ƙwai, yana kuma taimakon tsirowar ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da shi. Ashe ke nan tsakanin jijiya da haihuwa akwai zumunci, sai dai ba irin wanda mai lasifika ke faɗi ba.

IN GISHIRI YA YI YAWA

Miya ba ta daɗi sai da gishiri, amma in ya yi yawa ba ta shayuwa. Haka wannan sinadari yake, kuma a nan ne labarin ya komo kan matar ɗan uwanmu.

Akwai wata cuta da likitoci biyu na birnin Chicago, Stein da Leventhal, suka bayyana cikin 1935, wadda aka fi sani da haruffan PCOS. A cikinta jakunkunan ƙwai da yawa sukan fara girma tare, sai su tsaya a rabin hanya, babu wadda ta nuna balle ta fashe. In an ɗauki hoton ciki sai a ga sun jeru a gefen gidan ƙwai kamar tsakiyar carbi. Alamunta su ne al'ada mai tsallake watanni, da gashi a haɓa ko ƙirji, da ƙurajen fuska, sau da yawa kuma da ƙiba, domin sinadarin maza ya yi yawa a jikin macen. Kimanin mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba su san suna da ita ba. Ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke hana mace sakin ƙwai.

Masanan Chile da Oregon sun jawo irin wannan cuta a jikin ɓeraye, suka tarar sinadarin renon jijiya ya ƙaru a gidan ƙwansu, jijiyoyin nan da ke tashi lokacin tsoro ko firgita sun yi yawa kuma suna aiki fiye da ƙima, suna zuga gidan ƙwai ya yi ta yin sinadarin maza. Da suka yanke jijiyar da ke shiga gidan ƙwan, sai ɓerayen suka koma sakin ƙwai. Cikin 2009 Dissen da abokansa suka ba da labari cewa sun auna ruwan jakunkunan ƙwai na mata masu wannan cuta, suka tarar sinadarin ya fi na sauran mata yawa. A ƙasar Suwidin kuma, cikin 2008, an auna jijiyoyin irin waɗannan mata aka ga sun fi na sauran mata motsi, bayan shekara guda kuma aka nuna cewa motsa jiki a kai a kai yana rage wannan.

Har ma an gwada sa ɓeraye cikin sanyi mai tsanani sa'a uku kowace rana na tsawon makonni, aka ga wahalar ta tayar da jijiyoyin gidan ƙwansu ta ɓata girman jakunkuna. Kada mutanen Rikkos da Gangare su ji wannan su ce sanyin Jos ke hana haihuwa. Wahala aka ɗora wa ɓerayen da gangan, kuma duk wanda ya ga yawan yaran da ke fitowa daga makarantun allo na unguwannin nan da yamma ya san sanyin Filato bai hana kowa ba. Darasin da ke ciki shi ne, jiki ɗaya ne, abin da ya dami ƙwaƙwalwa yana iya kai wa gidan ƙwai. Saboda haka gori da habaici da ake yi wa mace dare da rana ba su taɓa zama magani ba.

Akwai kuma wata cuta da nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, wadda ke sa ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada, tana kuma hana waɗansu mata ɗaukar ciki. An tarar wannan nama yana yin sinadarin renon jijiya, yana jawo jijiyoyin jin zafi zuwa gare shi. Don haka yarinyar da ke birgima a ƙasa duk wata ba raki take yi ba, a kai ta asibiti.

A YI HATTARA

Yanzu ga gargaɗi, domin na san halin 'yan kasuwarmu, gobe wani zai rubuta haruffan nan uku a jikin kwalba ya ce daga Indiya ko Sin aka kawo. Babu wata hukumar magunguna da ta amince da wani maganin haihuwa da aka yi da wannan sinadari. Wanda ƙasashen Turai suka amince da shi cikin 2017, Amurka kuma cikin 2018, maganin ɗigawa ne a ido, domin wani ciwo da ke kashe jijiyar baƙin ido. Waɗansu manyan kamfanoni biyu na Amurka sun yi shekaru suna gwada wata allura mai toshe sinadarin domin rage ciwon gaɓoɓi, amma cikin 2021 suka watsar da ita bayan an ga tana gaggauta lalacewar gaɓa ga waɗansu marasa lafiya. In masu biliyoyin daloli sun ja da baya, ina ga mai kwalba da lasifika?

Haka kuma kada wani ya ji labarin raƙumi ya ce zai haɗa wa mata wani abu daga jikinsa. Sinadarin nan dangin abin da ke cikin nama da ƙwai ne, in an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tsire. Mafi yawan abin da na lissafa a sama an gano shi ne a jikin ɓeraye da dabbobi, kuma tsakanin ɗakin bincike da kantin magani akwai tafiyar shekaru.

ABIN YI TUN YANZU

Duk da haka akwai abin yi, kuma ba sai an jira masana sun gama ba. Ƙa'idar likitoci ita ce, in miji da mata sun shekara guda tare ba tare da ciki ba, su je asibiti. In matar ta wuce shekara 35, wata shida ya isa. Kuma su je su biyu. A kusan rabin gidajen da ake wannan matsala, namiji yana da hannu a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi da araha cikin gwaje-gwajen duka, ba allura ba fiɗa. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar 'ya'yan maniyyinsa daban. Mutumin da ya saki mata uku yana neman haihuwa bai taɓa kai kansa an duba ba, ya zalunci mata uku, ya kuma ɓata wa kansa lokaci.

Sa'an nan a sani cewa a ƙasashenmu babban abin da ke hana mata haihuwa shi ne toshewar hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 25, wanda aka buga cikin 1985, ya tarar kusan rabin matan Afirka da aka duba hanyoyinsu biyu duk a toshe suke, alhali a ƙasashen Turawa kamar ɗaya ce cikin goma. Sanadin kuwa cututtukan sanyi ne da ba a yi maganinsu da wuri ba, waɗanda sau da yawa miji ke kawowa gida, da ƙazantar da ke shiga lokacin haihuwa ko ɓari. Cuse-cusen da mata ke yi da sunan gyara suna ƙara ɓarna. Mafi muni shi ne yankan gishiri da waɗansu wanzamai da ungozomai ke yi wa mace wai don buɗe hanyar haihuwa. Ba ya buɗe kome sai hanyar yoyon fitsari, kuma ma'aikatan sashen yoyon fitsari na asibitin Jankwano a Jos da na Babbar Ruga a Katsina sun ga isassun matan da aka yi wa haka.

Ita kuwa cutar jakunkunan nan, tana cikin waɗanda suka fi jin magani. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yakan dawo da al'ada daidai, ta hanyar tafiyar ƙasa kullum da rage zaƙi da lemon kwalba. Akwai ƙwayoyin da ke sa sakin ƙwai, irin su letrozole da clomiphene, da kuma metformin da ake ba masu ciwon sukari, domin cutar tana da dangantaka da shi. Amma likita ne zai rubuta, yana bin sawu da hoton ciki. Sayensu a kemis bisa shawarar ƙawa haɗari ne, suna iya kumbura gidan ƙwai. Ana duba irin wannan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, wanda daga Rikkos ba wata tafiya ba ce, da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu su sauƙaƙa kuɗin waɗannan gwaje-gwaje na farko a manyan asibitoci, su kuma sa ido kan masu tallar magani da lasifika. Ina kuma kira ga masananmu. Ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom nan kusa da Jos tun 1924, ga ta binciken kiwo a Shika, ga raƙuma suna shigowa Maigatari da Mai'aduwa da Illela kowane mako. Bai kamata a ce mutumin Kanada, wanda ƙasarsa ƙanƙara ce, shi zai riƙa gaya mana sirrin dabbar da kakanninmu suka yi Azbin da ita ba.

Kafin in rufe, na aika wa gwaggo amsarta. Na ce mata jijiya ba ta ɗaure mahaifa, amma alamun da ke jikin 'yarta suna da suna a wurin likitoci, kuma su ne za su tabbatar bayan sun duba. Na kuma kira ɗan uwan namu na yi masa magana ta 'yan uwantaka. Ya yi shiru, ya yi 'yan kame-kame, daga ƙarshe ya ce ran Litinin za su tafi Lamingo tare, kuma shi za a fara dubawa. Haihuwa ta Allah ce, Shi ke bayarwa ga wanda Ya so, amma neman magani a inda yake ba ya cikin rashin tawakkali.

Allah Ya ba masu nema, Ya raya waɗanda aka samu. Sai mun sadu a mako mai zuwa.